Masu Fararen Riguna na Stonehenge: Su Ne 'Yan Borin Turawa?

A ranar 20 ko 21 ga watan Yuni na kowace shekara, a daidai lokacin da ladanan Zariya suke kiran sallar Asuba, rana ta riga ta fara leƙowa a kudancin Ingila. Agogonmu da nasu ɗaya ne a wannan lokaci, domin sukan ƙara awa guda a kan nasu idan bazara ta shigo, amma yayin da mu za mu jira har bayan ƙarfe 6 kafin rana ta fito, su tana fito musu ne tun ƙarfe 5 saura 'yan mintoci, kuma ba za ta faɗi ba sai wajen ƙarfe 9 da rabi. Wannan shi ne yini mafi tsawo a shekararsu, awa 16 da rabi, kuma a daren da ya gabace shi ne dubban mutane suke kwana a tsaye a wani fili na gundumar Wiltshire, a kewayen manyan duwatsun nan da ake kira Stonehenge, suna kaɗa ganguna suna dakon fitowar rana. A cikin taron akwai 'yan yawon buɗe ido, akwai matasa masu neman nishaɗi, akwai iyaye da 'ya'yansu, sa'an nan akwai wasu 'yan tsiraru masu dogayen fararen riguna, wasu riƙe da sanduna, wasu da ganye naɗe a ka, waɗanda kyamarorin 'yan jarida suka fi bi. Su ne ake kira Druid.

Wani ɗan yayana da yake karatu a Ingila ya bi abokansa kallon wannan taro, ya turo mini bidiyon abin da ya gani, ni kuma na nuna wa mutanen majalisarmu ta kusa da Ƙofar Doka. Dattijon da ya girme mu duka ya karɓi wayar, ya kalla har ƙarshe, sa'an nan ya miƙo mini ita ya ce, "Malam, ba sai ka wahalar da kanka da bayani ba, ai waɗannan 'yan borin Turawa ne." Na ce masa, "Baba Alhaji, kiɗan da taron sun yi kama, amma a yi mini uzuri in bincika kafin in amsa." Amsar da na samu ita ce, kama da wane ba wane ba ne. Bori abu ne da aka gada hannu da hannu, igiyarsa ba ta taɓa tsinkewa ba, shi kuwa tafarkin Druid na yau gini ne da mutanen zamani suka tayar da gangan a kan kufai, bayan masu ainihin abin sun shuɗe da fiye da shekara 1,000 ba tare da sun bar ko shafi ɗaya na koyarwarsu ba. Ni Musulmi ne, kuma ba tallar aƙidar kowa nake yi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda jama'a za su ƙera wa kansu al'ada, su san sarai cewa ƙera ta aka yi, amma duk da haka su riƙe ta da gaske.

Druid na asali su ne masu ilimi da shari'a da jagorancin bauta a cikin al'ummomin Selt, waɗanda suka zauna a ƙasar da ta zama Faransa a yau da kuma tsibiran Birtaniya da Ailan. Kusan duk abin da aka sani a kansu ya fito ne daga alƙalamin baƙi, yawanci ma abokan gaba. Julius Kaisar, janar ɗin Rumawa wanda ya ci ƙasar Gaul, wato yankin Faransa ta yau, da yaƙi tsakanin shekara ta 58 da ta 50 kafin Miladiyya, ya rubuta cewa su ne masu raba gardama tsakanin mutane, ba sa fita yaƙi, ba sa biyan haraji, kuma almajirinsu yakan kai shekara 20 yana haddar baitoci, domin sun haramta wa kansu rubuta iliminsu, ko da yake sun san haruffan Girkawa kuma suna aiki da su a wasu harkokin duniya. Ya ce sukan taru sau ɗaya a shekara a wani wuri da suke girmamawa a ƙasar ƙabilar Carnutes, ya kuma zarge su da ƙona mutane a matsayin hadaya, zargin da ya kamata mai karatu ya auna shi da sanin cewa mai yinsa janar ne mai neman hujjar mamaya. Wani Barume, Pliny Babba, shi ya bar hoton da ya fi zama a zukatan Turawa: ɗaya daga cikinsu sanye da farar riga yana hawa itacen da suke kira oak a ranar shida ga wata, yana yanko kauci da laujen zinariya, ana tare shi da farin mayafi, daga nan a yanka fararen bijimai biyu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban shimfiɗar mai maganin gargajiya a kasuwar birni ya san ba su kaɗai ba ne suka ga asiri a jikin kauci, tsiron da ba shi da saiwa a ƙasa amma yake kore shar a kan wani itace.

Sarakunan Rum, Tiberius da Claudius, sun hana ayyukansu, kuma wajen shekara ta 60 Miladiyya janar Suetonius Paulinus ya ƙetara da dakarunsa zuwa tsibirin Anglesey da ke arewacin Wales, ya karkashe waɗanda ya tarar, ya sassare kurmin da suke bauta a ciki. A Ailan, inda Rumawa ba su mallaka ba, Kiristanci ne ya maye gurbinsu tun daga ƙarni na 5, suka saura a cikin tatsuniyoyin da malaman coci suka rubuta daga baya. Da yake ilimin nasu a ka yake, ya bi masu haddarsa zuwa kabari.

Su kuwa duwatsun Stonehenge ba Druid ne suka kafa su ba, kuma wannan shi ne abin da hotunan jaridu suka fi ɓatar da mutane a kai. An fara aikin wurin wajen shekara 3,000 kafin Miladiyya, aka tayar da manyan duwatsun wajen 2,500, wato fiye da shekara 2,000 kafin Kaisar ya yi rubutunsa. Ƙananan duwatsun da ke ciki daga tsaunukan Preseli na Wales aka kawo su, tafiyar kusan kilomita 240, kuma maginan sun daidaita ginin ta yadda yake fuskantar mafitar rana a yini mafi tsawo da mafaɗarta a yini mafi gajarta. Haɗa wurin da Druid aikin masu sha'awar kayan tarihi ne na baya-bayan nan, John Aubrey a ƙarni na 17 da William Stukeley da ya wallafa nasa binciken a 1740. Ba su da hanyar auna shekarun dutse ko ƙashi, sun dai san cewa wurin ya girmi Rumawa, kuma sunan malaman da suka sani kafin Rumawa shi ne Druid, sai suka ɗaura wannan da wancan. Daga nan sunan ya zama abin ado. A 1781 aka kafa wata ƙungiyar zumunta da taimakon juna a Landan mai suna Ancient Order of Druids, wadda ta yi babban taro a Stonehenge a 1905, kuma har Winston Churchill ya shiga cikinta a 1908. Yawancin 'ya'yanta Kiristoci ne masu zuwa coci, rigar da gemun jabu kawai suka ara.

Mutumin da ya fi kowa tasiri a kan abin da ake yi a waɗannan taruka a yau shi ne Edward Williams, wanda aka fi sani da laƙabinsa na waƙa, Iolo Morganwg. An haife shi a 1747 a yankin Glamorgan na Wales, sana'arsa sassaƙar dutse, ya rasu a 1826. Mawaƙi ne mai baiwa ƙwarai, mai kishin harshen Welsh a zamanin da Ingilishi yake neman danne shi, kuma gwani ne wajen ƙirƙiro rubuce-rubuce ya jingina su ga magabata. Ya yi iƙirarin cewa ilimin Druid bai mutu ba, wai mawaƙan yankinsu sun ɓoye shi suna miƙa wa juna a asirce har ya iso gare shi. A 1792 ya tara wasu 'yan Wales mazauna Landan a kan tudun Primrose Hill, ya jera ƙananan duwatsu a da'ira, aka ajiye takobi a tsakiya, ya gudanar da abin da ya kira Gorsedd, majalisar mawaƙa. A 1819 ya yi nasarar haɗa wannan majalisa da gasar waƙa ta Wales, wato Eisteddfod, a garin Carmarthen. Sai a ƙarni na 20 masana, musamman G. J. Williams, suka tantance cewa da yawa daga cikin takardun da ya ce ya kwafo daga tsofaffin littattafai shi ya tsara su da kansa.

Da a ce tona asirin mai kafa abu yana kashe abin, da Gorsedd ta daɗe da mutuwa. Amma har yau, a makon farko na watan Agusta, a babbar gasar Eisteddfod ta ƙasa, 'yan majalisar suna fitowa cikin riguna farare da shuɗɗa da koraye, shugabansu ya sa a zaro takobi rabi daga kube, ya tambayi jama'a sau uku ko akwai zaman lafiya, su amsa masa da murya ɗaya, a mayar da takobin, sa'an nan a zaunar da mawaƙin da ya yi nasara a kan kujerar da aka sassaƙa domin shi. Wannan reshe na al'ada ne da raya harshe, ba na addini ba, shi ya sa ma Rowan Williams ya karɓi shiga cikinsa a 2002, gab da zamansa babban limamin cocin Ingila.

Reshen da ya ɗauki abin a matsayin tafarkin ibada ya fi wannan ƙuruciya. A 1964 wani malamin makaranta kuma mawaƙi, Ross Nichols, ya kafa ƙungiyar Order of Bards, Ovates and Druids, da ake taƙaita sunanta da OBOD, wadda ta kasa mabiyanta hawa uku: Bard, masu waƙa da labari, Ovate, masu nazarin itatuwa da magani da duba, sai Druid, masu koyarwa da jagorancin taro. Ta yi sanyi bayan rasuwarsa a 1975, almajirinsa Philip Carr-Gomm ya farfaɗo da ita a 1988 ta hanyar darussan da ake aika wa mutane ta gidan waya, kuma a 2020 ya miƙa ragamar ga wata 'yar Ailan, Eimear Burke. A Amurka labarin ya fi ban dariya, domin a 1963 wasu ɗaliban kwalejin Carleton da ke jihar Minnesota, waɗanda dokar makaranta ta tilasta musu halartar ibada, suka ƙirƙiri ƙungiyar Druid don su yi wa dokar ba'a, aka soke dokar, amma wasunsu suka ƙi daina taron saboda ya riga ya shiga ransu. A 2010 hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales ta amince da wata ƙungiya mai suna The Druid Network a matsayin ta addini. Duk da haka ba su da yawa: a ƙidayar 2011 mutum 4,189 ne kacal suka rubuta Druid a gurbin addini a Ingila da Wales, adadin da bai kai na ɗaliban wasu tsangayoyin jami'ar Ahmadu Bello ba.

Saboda haka wanda yake son ganin ainihin taronsu na bazara ba a cunkoson Stonehenge zai same shi ba, inda masu kallo suka ninka masu ibada sau da yawa. Zai same shi ne a sansanonin da suke kafawa na 'yan kwanaki a gonakin da suka yi haya, ko a garin Glastonbury na gundumar Somerset, inda OBOD take taronta a watan Yuni, mahalarta su hau tudun nan mai tsohuwar hasumiyar coci a kansa su yi da'ira a sarari. Ba su da ɗakin ibada, kuma ba sa son samunsa. Ƙa'idar da Iolo ya bar musu ita ce a yi taro a fili, a idon rana.

Tsarin bikin ya ɗan bambanta daga ƙungiya zuwa ƙungiya, amma ƙashin bayansa ɗaya ne. Ana shigowa a jere, a tsaya a da'ira ta yadda babu wanda yake gaban wani, mai shela ya sanar da buɗe taro, wani lokaci da busa ƙaho. Abu na farko shi ne kiran zaman lafiya: mutum guda zai fuskanci kusurwoyin duniya huɗu ɗaya bayan ɗaya yana roƙon a sami lafiya a kowace, a rufe da roƙon ta ga duniya baki ɗaya, domin a wurinsu ba a fara kowane aiki sai an tabbatar babu gaba a tsakanin waɗanda suka taru. Daga nan wani ya zaga da'irar ta hanyar da rana take bi a sararinsu, a yayyafa ruwa, a zaga da hayaƙin turare. A al'adar OBOD kowace kusurwa tana da abin da aka jingina mata: gabas tana da iska da shaho, kudu tana da wuta da namijin barewa mai rassan ƙaho, yamma tana da ruwa da kifin kogunansu da ake kira salmon, arewa kuma tana da ƙasa da beyar. Sai a karanta addu'ar da Iolo ya tsara, wadda take hawa mataki-mataki, daga neman kariya zuwa ƙarfi, zuwa fahimta, zuwa ilimi, zuwa sanin adalci da ƙaunarsa, zuwa ƙaunar dukkan halitta. Wani abu da zai ba Bahaushe mamaki shi ne, a farkon addu'ar kowa yana ambaton wanda yake roƙo da sunan da ya ga dama, wani ya ce Ubangiji, wani ya ambaci allahiya, wani ya ce ruhu kawai, muryoyin su cakuɗe na ɗan lokaci kafin su sake haɗuwa. Ba su da aƙida guda da aka wajabta wa kowa. Akwai masu gumaka da yawa a cikinsu, akwai masu ganin rai a cikin kowane itace da kogi, akwai Kiristoci, har da waɗanda ba su yarda da wani abin bauta ba. A wurin Musulmi wannan shi ne wurin da hanya ta rabu sarai, kuma ba na ganin amfanin lulluɓe shi.

Bayan addu'a sai rera kalmar Awen, wadda a harshen Welsh take nufin ilhamar mawaƙi. Ana jan ta a hankali da numfashi guda, sau uku ko fiye, wani lokaci kowa ya shiga a lokacin da ya so har sautin ya riƙa hawa kan juna. Tsakiyar bikin ta danganta da lokacin shekara. A na tsakiyar bazara, wanda suke kira Alban Hefin, maganar duk a kan rana ce da ta kai ƙololuwar ƙarfinta, da tunatar da juna cewa daga wannan yini za ta fara ja da baya. Akan zaga da burodi da giyar zuma, da ruwan tuffa domin yara da waɗanda ba sa shan giya, a zuba kaɗan a ƙasa. Babu yanka, babu jini. A ƙarshe su riƙe hannun juna su maimaita alkawarin zaman lafiya sau uku, a sallami kusurwoyin nan huɗu, a warware da'irar.

Wannan duka ba ya wuce awa guda ko biyu. Sauran kwanakin sansanin na kiɗa ne da hira da aiki, kuma a ganina a nan ne ƙarfin abin yake. Da yake matakin farko na tafarkin shi ne na mawaƙi, kusan kowa yana zuwa da wani abu a baki ko a hannu. Da dare akan kunna wuta a zauna a kewaye, a buɗe abin da su ma suke kira eisteddfod, wanda ba lallai ne ya zama gasa ba: wannan ya tashi ya karanta waƙar da ya rubuta, wancan ya ba da tsohon labari daga tatsuniyoyin Wales ko na Ailan ba tare da duba takarda ba, wata ta kaɗa babbar garayar nan tasu mai tsirkiyoyi da yawa, wani ya ɗauki jita ko sarewa ko gangar Ailan mai fuska ɗaya. Ba a raba mai wasa da mai kallo, kuma wanda muryarsa take rawa don tsoro akan saurare shi har ya gama a tafa masa kamar yadda aka tafa wa gwani. Mutanen da suka tashi a ƙasar da waƙa ta zama hajar kamfanoni, inda mutum yake sauraro shi kaɗai da abin ji a kunne, suna ɗaukar wannan zama da muhimmancin da mu ba lallai mu gane ba nan take.

Da safe akan yi taron sansani a da'ira, a riƙa miƙa wata sanda wadda sai mai riƙe da ita yake da izinin magana, dabarar da suka aro daga 'yan asalin Amurka ta Arewa, ba daga kakanninsu ba. A nan ake raba aiki, wa zai yi girki, wa zai faskara itace, wa zai kula da yara, wa zai gyara makewayi. Da rana akwai darussa a kan sanin itatuwa da ganyayen magani, da tsoffin haruffan Ailan da ake kira ogham, da sassaƙa, da koyon ba da labari. A irin waɗannan taruka ne kuma suke raɗa wa jarirai suna, su ɗaura aure ta hanyar naɗe hannun ango da amarya da igiya, su ambaci waɗanda suka rasu a cikin shekarar. Yawancinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da na ofis da 'yan fansho, waɗanda ba a haife su a cikin abin ba, da girmansu suka zaɓe shi, kuma da yawa a garuruwansu ba su da wani ɗan'uwan tafiya sai ta intanet. Taron bazara shi ne lokacin da suke ganin juna ido da ido.

To, ina Baba Alhaji ya yi gaskiya? Ya yi gaskiya a wurare biyu. Duka ɓangarorin sun sa kiɗa a tsakiyar al'amarinsu, kuma duka suna kallon itace da dutse da kogi a matsayin wuraren da ba kango ba ne, kamar yadda har yau akwai masu jin nauyin wucewa ƙarƙashin tsamiya ko kuka da tsakar rana. Daga nan kuwa sai bambanci. Jigon bori shi ne hawan iska: mai garaya ko goge ya kama taken Sarkin Rafi ko Ɗan Galadima ko Inna, iskan ya sauko ya hau dokinsa ko goɗiyarsa, ya yi magana ta bakinsa, ya faɗi magani. Ba a shiga sai ta girka, sau da yawa bayan doguwar rashin lafiya, a hannun wanda shi ma aka girka shi. A bikin Druid da aka saba gani ba a jiran kowa ya hau kan kowa, mahalarta suna cikin hayyacinsu daga farko har ƙarshe, sau da yawa ma da takardar tsarin bikin a hannu. Bori ya sauya da zamani, har ya karɓi iskoki irin su Malam Alhaji bayan zuwan Musulunci, amma sauyi ne na abin da yake raye ba a taɓa binne shi ba, kuma ba shi da littafi. Tafarkin Druid na yau kuwa da littafi aka haife shi, daga rubutun janar ɗin da ya yaƙi masu shi, da hasashen masu sha'awar tarihi, da ƙagen wani magini mai baiwar waƙa. Abin da na yaba musu shi ne, manyan ƙungiyoyinsu a yau ba sa ɓoye wannan. Suna karanta binciken masana irin su Farfesa Ronald Hutton na jami'ar Bristol, wanda ya warware tarihin nasu dalla-dalla, har suna gayyatarsa ya yi musu lacca. Masu ci gaba da cewa bikin ya shekara 5,000 galibi masu rubuta kanun labarai ne.

Akwai kuma wani abu da ya ɗaure tafarkin da ƙasar da ya fito. Kalandarsu tana da bukukuwa 8, huɗu na tafiyar rana, huɗu na tsoffin lokutan noma da kiwo na Ailan, kuma Ross Nichols da abokinsa Gerald Gardner ne suka taimaka wajen haɗa su wuri ɗaya a tsakiyar ƙarni na 20. Wannan lissafi yana da ma'ana ga wanda yininsa yake sauka ƙasa da awa 8 a watan Disamba ya haura 16 a watan Yuni. A Zariya bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba, kuma manomin Giwa ko Soba ba tsawon yini yake dubawa a watan Yuni ba, hadari yake dubawa da lokacin sa wa masara taki. Hatta mabiyansu na Ostireliya da New Zealand sai da suka juya kalandar, suna bikin tsakiyar bazara a watan Disamba.

Shi kansa izinin tsayawa a cikin duwatsun Stonehenge a wannan dare ba da sauƙi aka same shi ba. Daga 1974 zuwa 1984 an riƙa yin wani bikin kiɗa na kyauta a kusa da wurin, wanda ya girma har hukuma ta hana shi, kuma a ranar 1 ga Yuni 1985 'yan sanda suka tare ayarin motocin masu zuwa a wata gonar wake, aka yi arangama, aka kama mutum sama da 500. Daga nan aka rufe wurin a lokacin bikin, har da Druid da ba su da hannu a rikicin, sai a shekara ta 2000 hukumar English Heritage mai kula da shi ta sake buɗe shi ga kowa ba tare da kuɗin shiga ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi fafutukar buɗewar shi ne wani tsohon soja da ya canza sunansa zuwa Arthur Uther Pendragon, wanda aka sha kamawa a kan haka. Shi ne kuma ya kai ƙara a kan ƙonannun ƙasusuwan mutanen da masu binciken tarihi suka tono a wurin a 2008, yana neman a mayar da su inda aka ɗauko su, babbar kotu ta yi watsi da buƙatarsa a 2011, wasu Druid ɗin ma ba su goyi bayansa ba domin suna ganin amfanin binciken. A 2016 hukumar ta hana shiga da giya a daren bikin, ta kuma sa fam 15 kuɗin ajiye mota, ya sake garzayawa kotu yana cewa an mayar da ibada abin saye, a nan ma bai yi nasara ba.